Kundin tafiyar Abzin: daga Damagaram zuwa Iferwan cikin hunturu

Litinin, 16 ga Disamba, Damagaram

Yau da hantsi aka tsai da shawara: hutun ƙarshen shekara a duwatsun Abzin, a arewacin Nijar, za a yi shi, tashi ranar Alhamis. Mutum shida, mota biyu, kwana uku na shiri. Wanda ya san hanyar zai ce kwana uku sun yi kaɗan, kuma gaskiyarsa. Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne lokacin ya dace. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake shiga Abzin cikin sauƙi, koramu sun bushe, zafin bazara bai sauka ba. A watan Agusta korama ɗaya takan tsare mota kwana biyu, wani lokaci ma ta tafi da ita.

Hanyar da aka zana: Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisinat, kimanin kilomita 450. Daga Agadas a bi Dabaga da Elmeki zuwa Timiya, a wuce kangon Asode zuwa Iferwan, a fito yamma a hau titin Arlit, a komo Agadas. Wannan zagayen na biyu shi ne aikin, kuma a kan kilomita 800 muka ɗora lissafinsa, har da ratse da ɓatan hanya.

Motocin duka masu shan dizal ne. Babbar Land Cruiser ce mai injin 1HZ, tankinta biyu, kowane lita 90. Ƙaramar Hilux ce mai tanki ɗaya na lita 80. A kan kwalta babbar ba ta wuce lita 13 a kilomita 100, amma cikin duwatsu da yashi, da kaya a kanta, mun ba ta 18. Ke nan lita 144. Aka ƙara kashi ɗaya cikin uku na ko-ta-kwana, ya zama 192. Tankunanta 180 ne, saboda haka jarka biyu masu lita 20 sun rufe giɓin. Ƙaramar muka ba ta 14, wato lita 112, da ko-ta-kwana 150. Jarka huɗu take buƙata. Jimilla lita 380 za a bar Agadas da su. Akan samu man durum a wasu ƙauyukan, amma man da ido bai gani ba ba ya shiga lissafi.

Ruwa kuwa da mutum bakwai aka yi lissafinsa, domin jagora zai shigo a Agadas. Lita 6 kowane mutum a yini, na sha da girki da alwala. Tazara mafi tsawo tsakanin rijiyoyin da za a dogara da su kwana uku ce, aka ƙara kwana biyu na lalacewar mota: lita 210. Kowace mota da nata lita 20 na lagireto, wanda ba a taɓawa. Lita 250 ke nan, wato kilo 250 na nauyi. Wanka sai an isa Timiya.

Talata, 17 ga Disamba

Yini guda a gareji. An sauya baƙin mai da filtoci uku a kowace mota, ta mai da ta dizal da ta iska. Sauran abin da aka gani:

Bel ɗin taimin na babbar ya kusa cika kilomita 100,000, wanda shi ne wa'adinsa. An sauya shi tare da abin da ke ɗame shi. A injin 1HZ idan wannan bel ya tsinke, fistin kan daki bawul, kuma wannan ba gyaran daji ba ne.

Tiyon ƙasa na lagireto ya yi laushi kusa da maɗaurinsa. An sa sabo, tsohon ya shiga akwatin kayan gyara. Haka aka yi da fambel ma. Dalilin ɗaukar tsoho a matsayin na ajiya shi ne an tabbata ya dace da motar, sabon da ke cikin leda kuwa sai ranar da aka buɗe shi ake sanin ko lambarsa daidai ce.

A ƙaramar, da aka ɗaga ƙafar gaba ta dama aka girgiza ta, sai ta yi ƙwas-ƙwas. Boris, wato ƙwallayen ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansu, ya saki. An wanke shi, ba a ga tabo ba, aka cusa sabon giris aka ɗaure. Ganye na uku a sifirin ɗin baya na hagu ya tsage, an sauya. Batirinta ya shekara uku, bakanike ya ce a canza, muka ce zai kai. An rubuta wannan a nan domin a tuna wanda ya faɗi gaskiya idan abin ya zo.

Tayoyi: kowace mota da safaya biyu. Na babbar 7.50R16 ne masu tiyub, a kan wili mai zobe. An sayi tiyub huɗu, faci, gam, ƙarfen cire taya biyu, famfon iska mai aiki da batir, da na hannu saboda ranar da na batir zai ƙone.

Laraba, 18 ga Disamba

Ranar Jamhuriya, ofisoshi a rufe. Sabunta inshorar ƙaramar mota, wadda za ta ƙare ranar 22, ya koma sai a Agadas. Kasuwa dai tana ci.

Abinci na kwana takwas: shinkafa kilo 10, taliya fakiti 12, fulawa kilo 5, garin rogo tiya biyu, man gyaɗa lita 3, sukari kilo 5, ganyen shayi, dabino, kilishi, albasa, busasshen tumatir, yaji. Tukunyar gas mai kilo 6 da buhun gawayi ɗaya. Ba za a sari itace ko ɗaya a can ba. Bishiyar da ke bakin korama a Abzin ta fi mai sara shekaru, kuma ita ce abincin awaki da raƙuman mutanen wurin.

Jarkokin ruwa goma ne masu lita 25, irin rawayan nan na man girki. Sai da aka wanke su sau uku da ruwan zafi da omo kafin warin mai ya fita. Na dizal guda shida na ƙarfe ne, huɗu namu, biyu aro.

Wajen loda kaya ƙa'ida ɗaya ce: mai nauyi ƙasa, kuma tsakanin ƙafafun gaba da na baya. An shimfiɗa kwali da tsohuwar tabarma a tsakanin jarkoki, domin gargada takan sa su yi ta goga juna har roba ta huje. A kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke saman mota, ba a so a ɗora komai sai bargo da katifa da tanti. Wuri ya ƙure, dole jarkar dizal biyu suka hau kariyar babbar. Cike, kowace ta haura kilo 20.

Akwatin magani: maganin zazzaɓin cizon sauro, na ciwon kai, bandeji, maganin wanke ciwo, ƙwayar tsarkake ruwa, da gishirin gudawa. In na fakiti ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Alhamis, 19 ga Disamba, Agadas

Tashi bayan asuba, isowa bayan la'asar. Inda kwalta ta mutu, gefenta ya fi tsakiyarta daɗin bi, amma a kula da bakin kwaltar da ya karye, yana yanka gefen taya kamar wuƙa. An tsaya a kowane shinge an nuna katin ɗan ƙasa da takardun mota. Boris ɗin da aka ɗaure an taɓa shi a Tanut da Adarbisinat, ɗumi ne kawai, bai yi zafi ba.

Juma'a, 20 ga Disamba, Agadas

Ofisoshi na tashi kafin sallar Juma'a, don haka aka rabu biyu tun ƙarfe takwas. Wasu suka tafi inshora, wasu suka tafi ofishin yawon buɗe ido da wurin jandarmomi da takarda mai ɗauke da sunayen matafiya, lambobin motoci, hanyar da za a bi da ranar dawowa. An yi kwafi goma, domin kowane shinge a gaba zai karɓi ɗaya, kuma hakan ya fi tsayawa ana rubuta sunaye da hannu. Halin tsaro a arewa yakan sauya daga wata zuwa wata, sharaɗin baƙon ƙasar waje kuma ya fi na ɗan ƙasa tsauri, yakan kai ga rakiyar soja. Tun a gida mun yi alkawari cewa in hukuma ta ce kada a wuce, a Agadas hutun zai ƙare. An ba mu izini, da sharaɗin mu sanar da isowarmu a Timiya da Iferwan.

Jagora dattijo ne Ba'abzine, mutumin Timiya, Hausarsa tas kamar yawancin Abzinawan ƙabilar Kel Ewe, waɗanda ayarinsu ya daɗe yana kai gishirin Bilma ƙasar Hausa yana komowa da gero. Ya zagaya motocin bai ce komai ba, har ya iso kariya.

"Waɗannan biyun ba za su kai Elmeki a nan sama ba."

"Baba, babu wuri a ciki."

"To ku ɗaure da kyau, ku riƙa dubawa."

Sharuɗɗansa uku ne. Ba a tafiyar dare. Motar baya ba ta barin sawun ta gaba. Ba a sauka daga hanyar da ake bi don a gajarta, ko da fili ya yi kyau. Na ukun ba son rai ba ne: a rikicin 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin, kuma wanda ya san inda aka bi lafiya shekara da shekaru shi ake bi.

An yi hayar wayar Thuraya, mai aiki da tauraron ɗan'adam. Kira biyu kullum, bakwai na safe da shida na yamma, zuwa ga wani amintacce a nan Agadas mai riƙe da kwafin takardar hanya. In kira biyu suka wuce a jere bai ji mu ba, jandarmomi zai nufa. An cika tankuna da jarkoki a gidan mai, an yi Juma'a a babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27.

Asabar, 21 ga Disamba, zango gaba da Elmeki

Da barin gari aka rage iskar taya daga kilo 3.5, kamar yadda masu faci ke kiran ma'aunin, zuwa 2.5 saboda duwatsu. Taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, kuma dutse mai kaifi ya fi saurin huda ta. Har Dabaga tafiya lafiya, lambuna hagu da dama. Daga nan hanya ta fara shiga kori tana fita, wato korama a bakin mutanen nan. Matsakaicin gudu bai wuce kilomita 25 a awa ba.

Wajen azahar babbar ta kafe a tsakiyar wani kori mai faɗi. Dalilai uku suka haɗu. Iskar tayar ta duwatsu ce, ba ta yashi ba. An saka giyar ƙafa huɗu a ciki, amma makullan da ke cibiyar ƙafafun gaba ba a murɗa su zuwa LOCK ba, saboda haka ƙafafun baya kaɗai ke ja. Sannan direba ya canza giya a tsakiyar yashi, kuma daƙiƙa ɗayan da aka taka kuloci ta isa mota mai nauyin tan uku ta tsaya. Da ta tsaya aka ƙara mata wuta, sai ta haƙa wa kanta rami har aksil ya zauna.

Yadda aka fitar da ita, cikin minti 40: an kashe inji, kowa ya sauka, aka sauke jarkar ruwa biyar. An kwashe yashin gaban kowace taya da shebur, da na ƙarƙashin aksil har haske ya ratsa. An sauke iska zuwa 1.5, aka kulle ƙafafun gaba, aka cusa faifan ƙarfe a gaban tayoyin baya. Ƙaramar giya ta L4, lamba biyu, sitiyari a miƙe, wuta kaɗan kaɗan. Ba ta tsaya ba sai a kan tsandauri. Ba a kawo ƙaramar ta ja ta ba, domin mota biyu a kafe ta fi ɗaya wuyar sha'ani.

An yi ragwancin mayar da iska, aka ci gaba a 1.5 a kan duwatsu. Kafin kilomita goma tayar baya ta hagu ta sace. Da aka buɗe, ba ƙaya ba ce. Idan iska ta yi ƙasa, taya takan zame a kan wili ta ja tiyub, sai bawul ya tsinke daga gindinsa, kuma wannan ba ya facuwa. Sabon tiyub ya shiga, saura uku. Wajen hura wili mai zobe, a kifa zoben ƙasa, a tsaya gefe, a hura kaɗan a duba ya zauna. Zoben da ya fita da ƙarfin iska yana kisa.

An yi zango ƙarfe biyar a kan tudu, nesa da cikin kori, nesa da inuwar aduwa da farar ƙaya saboda tayoyi. Baba ya gasa tagella, burodin da ake binnewa cikin yashi mai zafi da toka.

Lahadi, 22 ga Disamba, Timiya

Sanyin asuba ya sauko digiri 4 a ma'auninmu. Bargo biyu kowane mutum ya yi daidai, ɗaya ba zai isa ba. An hana shigar da kaskon gawayi cikin tanti, hayaƙinsa ba ya wari kuma yana kashe mai barci. A zazzage takalmi kafin a saka, saboda kunama.

Ƙaramar ta ƙi tashi. Batirin nan ne. Sanyi yana rage ƙarfin batir, yana kuma daskarar da baƙin mai, ga dizal ba ya kamawa sai an ɗumama shi. An haɗa waya da batirin babbar, aka bar ta tana aiki minti biyar, aka murɗa makulli sau biyu har fitilar ɗumama inji ta mutu, sannan aka tayar. Daga yau da daddare ƙaramar za ta kwana hancinta na kallon na babbar, yadda waya za ta kai.

Ƙafar kariya ta gaba ta dama ta tsage, kamar yadda aka faɗa mana. Yanzu da ruwa ya ragu an sami wuri, jarkokin sun koma ciki.

Isowa Timiya da azahar, ma'aunin mota ya nuna kilomita 228. An sanar da hukuma, sannan aka auna mai ta hanyar cika tankuna daga jarka. Babbar ta sha lita 44, kusan 19 a kilomita 100. Ƙaramar ta sha 36, kusan 16, ta haura abin da aka ba ta da lita biyu. Abin da ya rage: 180 a babbar, 120 a ƙaramar. Saura kilomita 570, waɗanda za su ci 108 da 91. Rarar duka biyun lita 101.

An so a ratsa gabas zuwa Arakaw, inda tudun yashin hamadar Tenere ke shigowa cikin da'irar duwatsu. Ƙarin tafiyar zai kai kilomita 200, mafi yawa yashi mai laushi, inda babbar za ta sha lita 25 ƙaramar 20 a kowane kilomita 100. Lita 90 ke nan cikin 101. An soke. Ran kowa bai so ba, domin wurin ya cancanci gani, amma lita 11 ba rara ba ce ga mota biyu.

Litinin, 23 ga Disamba, Timiya

Hutu. Garin na kwance tsakanin baƙaƙen duwatsu, lambunansa na bin kori: lemo, rumman, dabino, alkama, albasa. Yanzu ne lokacin lemo. Har yau akwai rijiyoyin da raƙumi ko sa ke jan guga, kusa da masu injin ban ruwa. An hau ganuwar da Faransawa suka gina a kan dutse a farkon shekarun 1950, an je magangarar ruwan da ke wajen gari. Ba a saka sabulu a tafkin, dabbobi da mutane na sha.

An cika jarkoki daga rijiyar lambu da izinin mai ita. An tace da ƙyalle, an jefa ƙwaya bisa ƙa'idar da ke jikin fakiti, an jira minti 30. An ɗaure ƙafar kariya da waya da guntun ƙarfe.

Talata, 24 ga Disamba, kusa da Asode

Awa ɗaya da barin Timiya ƙaramar ta fara shaƙewa a hawa, fitilar filtar dizal ta kama, daga baya ta mutu ɗungurungum. An kwance magudanar da ke gindin filta aka tara a kwalba: ruwa ya kwanta a ƙasa kusan rabin kofin shayi, da jan gari a cikinsa. Tsatsa ce. Jarka biyun da aka juye mata shekaranjiya su ne na aro, kuma ba a leƙa cikinsu ba kafin a cika su. Jarkar ƙarfe da ta daɗe a ajiye babu komai takan tara raɓa ta yi tsatsa. Minti biyar da tocila da lita ɗaya ta dizal ta ɗauraya da sun hana wannan. Sauri ya haifi nawa.

An sa sabuwar filta, an cika ta da dizal mai tsabta, an yi ta danna famfon hannu da ke kanta har ya yi tauri. Ta tashi a murɗawa ta uku. Tunda sauran dattin na cikin tanki, ana tsayawa kowane kilomita 30 a zubar da ruwan gindin filta. Tsayawa ta farko cokali biyu, ta biyu ɗigo kaɗan, ta uku babu. Lita huɗun da aka ƙarasa wa babbar daga jarkar nan su ne na ƙasa, mafi datti, don haka ita ma an zubar mata, an sami ruwa kaɗan. Filtar ajiya ta ƙaramar ta ƙare. Ta babbar ɗaya ce.

An isa Asode da la'asar. Tsohon babban birnin Abzin ne, ya fara mutuwa tun da ciniki ya koma Agadas, yaƙin Kawsan, jagoran boren Abzinawa kan Faransawa, na 1916 zuwa 1917 ya ƙarasa shi. Bangayen dutse na gidaje da na babban masallaci suna tsaye, fasassun tukwane ko'ina a ƙasa. An ajiye motoci a waje aka shiga da ƙafa, ba a ɗauki ko tsinke ba.

Laraba, 25 ga Disamba, Iferwan

Isowa kafin la'asar, dutsen Tamgak na tsaye gabas da gari. Hazo ya taso tun hantsi, aka buɗe tazara tsakanin motoci zuwa mita 300 saboda ƙura, fitilu a kunne. An kakkaɓe filtocin iska daga ciki zuwa waje. An sanar da hukuma. Nan bakin gandun Abzin da Tenere ne, mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari a 1992.

Halin da ake ciki a daren nan: ruwa lita 170, za a cika gobe. Tiyub uku, safaya huɗu duk lafiya. Jarka biyu na ƙaramar ba a buɗe su ba, namu ne, amma duk da haka ta ƙyalle za a juye su. Mai walda ya karɓi kariya, ya ce da hantsi. Ana neman batir, ko na hannu ne, da filtar dizal da za ta dace da ƙaramar. Wani sabon ƙara ya fito a ƙafar baya ta dama ta babbar idan ta faɗa rami, ana zargin robar shokozoba ko notin da ke ɗaure sifirin da aksil. Za a shiga ƙarƙashinta da safe, inji a sanyaye.

In an gama kafin azahar, Juma'a a kama hanyar yamma zuwa titin Arlit, a tsaya a Dabus wurin raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutse, babban cikinsu mita 5.4. In ba a sami filta ba, za a sauke tankin ƙaramar a wanke shi a nan, tashi ya koma Asabar, kuma a kiran bakwai na safe za a gaya wa mutuminmu na Agadas ya gyara ranar dawowa a takardar da ke hannunsa.